Tukunyar Kashe Gobara Mai Yawo

Ranar Larabar da ta wuce wata mata mai haƙorin zinare ta gaishe ni a gidajen raino biyu daban-daban, kuma a kowanne ta rantse mini cewa nan take aiki tun da aka buɗe wurin.

Ga yadda aka yi. Matata tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma hutun haihuwarta zai ƙare ranar Litinin. Shugabanta ya aiko mata da saƙo cikin ladabi cewa in ba ta zo ba, akwai masu jiran kujerar. 'Yarmu ko zama ba ta gama koya ba. Surukata tana nesa, ga ciwon gwiwa. Ni ma fita aiki nake yi. Ko dai a samo gidan raino kafin Litinin, ko matata ta rasa aikin da ta sha wuya kafin ta samu.

Na ce a bar mini. Na yi shekaru ina karatu a ƙasar da ko aski za ka yi sai ka buga waya an ba ka lokaci, kuma cutar ba ta sake ni ba. Shi ya sa 'yan unguwa ke kirana Bature. Na buga wa gidajen raino uku waya, na ce zan zo ranar Laraba in duba wurin, kuma ina da tambayoyi. Kowacce da ta ɗauka sai ta ce, "To, ranka ya daɗe. Allah ya kawo ka lafiya." Na ɗauka tarbiyya ce.

Motata tana kwance a layin gidan mai, inda aka tabbatar mana tanka tana hanya. Ban san abin da ya kai tankar nan daɗewa a hanya ba. Na sa kwat, na tari tasi.

A gida na farko Madam da kanta ta tarye ni a bakin ƙofa. Ƙasa tana sheƙi, ƙamshin maganin wanki har hawaye yake sa mutum. Aka ba ni kujera da lemo mai sanyi. Na fara.

"Jarirai nawa ne a hannun mai raino ɗaya?"

"Uku, yallaɓai." Ta nuna mata huɗu a jere, kowacce da farin ƙyalle a ƙirji.

"In jikin yaro ya yi zafi fa?"

Ta nuna farin akwatin magani.

"In gobara ta tashi?"

Ta nuna bango. Jar tukunyar kashe gobara ce a rataye, da loɓa a kafaɗarta, da hoton agwagwa da wani ya liƙa aka yage kan. A gefenta ga takardar shaida cikin gilashi, da hatimi da sa hannun Mai Girma Babban Mai Duba Gidajen Raino, Allah ya ƙara masa gani.

Ɗaya daga cikin matan, mai haƙorin zinare, tana riƙe da wani jariri kamar wadda aka ba ajiyar kaya a tasha. Na tambaye ta sunansa.

"Bebi," in ji ta, ta kuma rantse mini nan take aiki tun da aka buɗe wurin.

Da zan fita Madam ta tura mini ambulan cikin aljihu. Na ɗauka takardar kuɗin wata ce. Ta rage murya ta ce, "Yallaɓai, wanda ya saba zuwa, an yi masa canji ne?" Ban gane ba, don haka na yi abin da manya ke yi in ba su gane ba, na gyaɗa kai.

A gida na biyu ma ƙasa tana sheƙi. Lemo ya zo. Na yi tambayar gobara, aka nuna mini bango. Tukunyar ba ta gama lilo a kan ƙusarta ba. Ga loɓar, ga agwagwar da ba ta da kai. Mai haƙorin zinare tana tsaye a ƙarshen layi tana haki.

"Baiwar Allah, ba yanzu na gan ki ba?"

"Wallahi yallaɓai nan nake tun da aka buɗe. Mutane kan yi kama."

"Har haƙori?"

Ta rufe baki. Nan ma aka tura mini ambulan.

Da na fito na hangi a-kori-kurar maƙwabcina a bayan gidan. Direba ne, kowa Ba-Birki yake kiransa, kuma sunan bai zo a banza ba. Muna haɗa ido ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari kamar ya yar da wani abu.

Gida na uku yana ƙarshen wani lungu. Ba wanda ya tarye ni. Tun daga waje nake jin kuka da ƙarar cokali a kan kwano. Wata dattijuwa da ake ce wa Inna ta leƙo, jariri a kafaɗa, ta dube ni daga kwat har takalmi.

"Yallaɓai, kayan ba su iso ba. An ce mai ya ƙare wa motar a hanya. Ka rubuta abin da za ka rubuta, hannuna ba sake yake ba."

"Waɗanne kaya?"

"Kayan dubawa mana. Tukunya, akwati, da matan nan biyu. Ba kai ne sabon mai duban ba?"

Na ce ni uba ne, wuri nake nema wa 'yata.

Ta kira abokiyar aikinta. "Ke, zo ki ga. Uba ne wai." Ta juyo. "To uban wa ke buga waya? Iyaye faɗowa suke yi. Mai duba kaɗai ke sanar da zuwansa, don a shirya. Cire takalminka, yara na rarrafe a nan."

Na cire. Su biyu ne, jarirai takwas. Rufin ɗakin da tabon yoyo, janareta kusa da taga, tabarma ta ci duniya. Na yi tambayoyina duk da haka.

"In jikin yaro ya yi zafi?"

"In kira uwarsa. Ni ba likita ba ce, kuma ba na ba ɗan wani magani."

"In wani ya zo ya ce shi kawun yarinya ne?"

"Ko kai ka aiko shi, in ban san fuskarsa ba, ya koma."

"Gobara?"

Ta nuna bokitin yashi da ƙofar baya, a buɗe. Na nuna wani mai ƙaton kumatu na ce wa ke nan. Ta faɗi sunansa da na uwarsa, ta ce ba ya barci sai an shafa masa kunne, kuma kar in miƙa masa yatsa. Na riga na miƙa. Haƙora biyu gare shi, duka suna aiki.

Ban ce wurin ya burge ni ba. Na ce zan yi shawara. Ta ce in ja ƙofar in zan fita.

Da yamma na tarar da Ba-Birki a ƙofar gidansa yana wanke mota.

"Bature! Ashe ka samu muƙami ba ka faɗa wa talakawa ba?"

"Ban samu komai ba. Tukunyar wa kake yawo da ita?"

"Ta jama'a ce. Kowa yana amfana."

Sai da na zauna kan bencinsa ya ba ni tarihin. Masu karatu za su tuna bikin da aka yi a 'yan shekarun baya, da rumfuna da jawabai, inda wani Mai Girma ya yi alkawarin cewa kowane gidan raino zai samu tukunyar kashe gobara kyauta. An ɗauki hotonsa yana miƙa guda ɗaya. Ita ce wannan. Loɓar ma a ranar ta samu, da ta suɓuce daga hannun Mai Girma. Bayan biki ta koma hannun surukin Mai Duba, shi kuma ya haɗa ta da akwati da mata biyu yake ba da haya. Mai Duba ya sanar da ranar zuwansa, suruki ya aika kaya, Ba-Birki ya riga Mai Duba isa da su.

"Tana aiki kuwa?" na tambaya.

"Haba Bature. Wa zai gwada? In ta ƙare fa?"

Dole a yaba. A inda na yi karatu kowane gida sai ya sayi tasa, su rataye su shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su, almubazzaranci zalla. Mu nan tukunya ɗaya ta tsare jariran gari guda, ta samar wa direba da mata biyu da suruki aikin yi, kuma a takarda ba gidan da bai cika sharaɗi ba. Ina roƙon a ba Mai Girma lambar yabo. In guda ɗaya ce ma ta isa, sai manya su riƙa karɓa-karɓa.

A gida na miƙa wa matata ambulan biyun na ce ta duba kuɗin wata. Ta buɗe, ta rufe, ta dube ni.

"Baban Bebi, na aike ka neman gidan raino, ka dawo mini da cin hanci?"

"Ban sani ba."

"Su ma haka suke cewa. Gobe ka mayar. Kuma ka bar wayar nan a aljihu."

Washegari da tsakar rana muka je tare, yarinya a bayanta. A gida na farko ƙofa a buɗe take, ba wanda ya tambaye mu ko su wa. Mai raino ɗaya ce, tana kallon waya. Jarirai sun fi goma. An kwantar da ɗaya an tokare masa kwalbar madara da matashi, madarar na bin wuyansa. A bango ƙusa ce kawai. Matata ta je ta ɗaga yaron ta goge masa wuya, ta miƙa wa mai wayar, ta fita.

Madam ta iso a guje. Na ba ta ambulan na ce ni ba mai duba ba ne. Ta ce, "Yallaɓai, in bai isa ba ne a faɗa." Gida na biyu bai fi wannan ba, sai dai su talabijin ke yi musu raino.

A wurin Inna abin da na gani jiya shi na sake gani, har tabon rufin. Matata ta zauna a tabarma ta yi nata tambayoyin: ina ake ajiye nonon da ta tatsa, da me ake wanke kwalba, yaya ake kwantar da yara. Ta leƙa banɗaki. Ta ce a matsar da janareta daga taga. Inna ta ce in ni mijin ina da ƙarfi in matsar. Na cire kwat na matsar.

Shawarata ga duk mai neman gidan raino gajeriya ce. Kada ka buga waya. Ka je da rana tsaka, lokacin da yunwa da barci suka haɗu. Ka nuna jariri ka tambayi sunansa. In an nuna maka tukunya a bango, ɗaga ta ka duba bayanta. In ba ƙura, baƙuwa ce.

Ranar Litinin matata ta koma aiki a kan lokaci. 'Yarmu ta yi kuka da muka miƙa ta, Inna ta ce mu tafi, tsayuwarmu ke ƙara shi. Kafin nan na sayi sabuwar tukunya, na ɗaure ta a bangon Inna da sarƙa da kwaɗo, na nuna musu yadda ake zare ta daga mariƙinta in gobara ta tashi. Sarƙar tana da tsawon da za ta kai ko'ina a ɗakin, amma ba za ta kai bakin titi ba.

Mai Duba na gaske ya zo jiya, bayan ya buga waya. Inna ta ce ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya ce bai san wannan ba, don haka ba zai iya tabbatar da ingancinta ba. Ya shawarce ta ta nemi wadda hukuma ta saba gani.

Yau da safe kuma Ba-Birki ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya ce aiki ya yi wa tsohuwar yawa, gidaje biyu ke son ta a rana ɗaya. Yana tambaya ko ina ba da hayar makulli.