Kwat ɗin da na kai Malesiya

Da kakar bara ƙanena Sabi'u ya gama karatu a Malesiya, aka ce ni zan wakilci gida a bikin yaye su. Ni ne mai aikin ofis a Ikara, don haka ban tambayi kowa komai ba. Ƙasar waje ai sanyi ake yi, kowa ya sani.

Na je wurin masu gwanjo na sayo kwat mai gashi a wuya, da safar hannu, da hular sanyi. Matata ta ce, "Malam, da dai ka kira Sabi'u ka ji." Na ce mata ɗan boko ba ya tambayar abin da yake a fili.

A filin jirgin Kano aka ce kayana sun yi nauyi. Na dubi kwat, na dubi ƙullin kuka da daddawa da yajin da Inna ta kwana uku tana haɗa wa autanta. Na zaɓi lafiyata. Direban da ya kawo ni ya koma da ƙullin.

Na sauka cikin kwat, maɓalli har wuya. Zafin da ya tare ni, Ikara da bazara albarka. Sabi'u, cikin 'yar riga mai gajeren hannu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, zazzaɓi kake yi?"

"Lafiyata lau."

"To ina saƙon Inna?"

Kafin in haɗa amsa ya ɗauke ni hoto, ya tura gida.

Inna dai har yau da "sannu da sanyi" take amsa gaisuwata. A ofis kuwa, ko ana tsakiyar zafi, ina shiga wani zai miƙe cikin ladabi ya ce, "A kashe fanka, Yallaɓai ya iso."