Baƙar Leda Ta Rasu a Hannun 'Yan Gayya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Uwaisu Ƙasim na Durun, a madadin kaina da tumatirina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Baƙar Leda, wadda ta lulluɓe kunyoyin gonata ta rani a bakin fadama. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a hannun mutanen da suka fi kowa ƙaunata.

Marigayiyar ta zo mana daga kasuwar Gwarzo a naɗe kamar tabarma, a bayan babur. Ni na shimfiɗa ta a kan kunya, na danne gefenta da ƙasa, na huhhuda ta da bakin gwangwani mai zafi, na dasa tumatir a kowace huda. Tun daga ranar ciyawa ba ta ƙara ganin hasken rana a gonata ba. Harkiya ta shaƙe a ƙarƙashinta, ciyawar kiri-kiri ta nemi hanya ta rasa. Cikin ciyayin, jiji kaɗai, wanda ba ya jin kunyar kowa, ya soke ta a wuri biyu ko uku.

Mai riƙon amana ce. In aka ba ƙasa ruwa, sai ta hana rana ta shanye shi. Ba ta taɓa neman abincin rana ba, ba ta taɓa ajiye aiki ta ce za ta je suna ba. Maganarta kaɗan ce: fal-fal in iska ta taso, ƙas-ƙas in ƙadangare ya bi ta kanta. Babban alherinta gare ni shi ne bayana. Na daɗe ina fama da ciwon da ya hana ni sunkuyawa, kuma ba don ita ba da bana na haƙura da noman rani.

Ta sha gori a rayuwarta. Masu wucewa sun ce malalaci ya sami mayafi. Kawu Datti, ƙanin mahaifiyata, ya taɓa tsayawa a kanta ya girgiza kai ya ce, "Kai Uwaisu, ƙasar da ba ta ji ƙarfe ba me za ta ba ka? Ka toshe wa tumatir hanci!"

Ba ta yi jinya ba, ni na yi. Ciwon bayan ya kwantar da ni, Kawu ya ji labari, tausayi ya kama shi, ya kira gayya ba tare da ya shawarce ni ba, wai don kada in ce a'a saboda kara. Majiya ƙarfi suka hallara da fartanyoyinsu, har da na garin Madadi. Suka duba gabas da yamma, babu ciyawar da za a nome. To, an riga an dama fura, kuma 'yan gayya ba sa komawa gida da busasshiyar riga, abin kunya ne. Sai suka juya kan marigayiya. Suka yayyaga ta kunya-kunya, suka tura wa tumatir ƙasa har wuya, suka sassare masa saiwa cikin nishaɗi. Matata Zinnira, wadda ba ta san me ake yi ba, ita ta kai musu dafa-duka.

Da la'asar Kawu ya shigo inda nake kwance, gumi na zuba, ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan, mun kwashe maka sharar nan kaf. Yanzu gona ta sha iska."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu." Me mutum zai ce wa ƙanin mahaifiyarsa? Amma raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake.

Ta rasu ta bar tumatir yana tsakiyar fure, rabinsa ya yi laushi. Ta bar jiji, wanda ya gaji gonar tun kafin a yi rabon gado. Ta bar ni, da bayan da ba ya lanƙwasa. Akwai kuma wani babban yanki nata da aka hango a kan akurkin kajin Kawu, inda muke jin bai toshe wa kowa hanci ba.

Game da jana'iza, ba za a binne ta a gona ba, domin ƙasa ba ta cin irinta. Ba za a ƙona ta ba saboda hayaƙi. An tattara abin da ya rage a buhu, an rataye inda bakin akuya ba zai kai ba.

Za a yi zaman makoki a gonar, kullum da sassafe, har ranar da za a tsinke kwandon ƙarshe. Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar dogon jawabi. Kowa ya zo da fartanyarsa. An tanadar wa Kawu Datti da 'yan gayyarsa sahun gaba, kuma a wannan karon ba za su nemi ciyawa su rasa ba.