Kunun Kanton a Ɗakin Safara'u

"...da ƙarfin jiki, amaryata? Ko har yanzu ana nan ana yi wa mutuwa kwarkwasa?"

Safara'u ba ta ko juyo ba. Fuskarta na kallon bango ta ce, "Asama'u, zo ki kori bunsurun nan, ya cika mini ɗaki da warin man mota."

Manu ya ji sanyi a ransa, don tun da zazzaɓi ya kayar da kakarsa ba a ƙara jin ta zagi kowa ba. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Surukarta Asama'u ta dama fura, ta dama koko, ta yi lallashi har da hawaye, tsohuwa sai ta kau da kai ta ce ta ƙoshi. Likita a Gumel ya ce allura ta gama nata, in ba ta ci ba sai dai haƙuri. Shi kuwa Manu direba ne wurin Sinawan nan masu gyaran hanyar jirgin ƙasa ta Gagarawa. Yau da la'asar ya shigo da wani kwano a rufe, ya ɓoye shi bayansa. Tsoro ne fal cikinsa, amma ya san halin mutuniyarsa, tausayi ba ya cin ta.

"Bunsuru ne ya kai sadakinki? Tashi, yau fita zan yi da ke. Birnin Kanton za mu, can ƙasar Sin, in zaga da ke lungu-lungu ki ci abinci."

"Kai da ko kasuwar Maigatari sai an riƙe maka hannu? Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaro."

Gaskiyarta. Manu bai taɓa wuce Kano ba. Duk abin da ya sani na Kanton daga bakin kukun Sinawan ya ji shi, rabi da Turanci, rabi da nuni da hannu, sauran kuma daga hotunan wata kalanda da ke rataye a kicin.

"Ke dai rufe ido, ni ne ɗan jagora."

"Da ma a rufe suke, don kada su ga muninka."

"To mun sauka. Sassafe ne, gari duk tururi. Ga wani kogi ya ratsa birnin, in kin tsaya a wannan gaɓa ba kya jin kiran sallar waccan."

"Har da masallaci a garin?"

"Akwai wani tsoho tukuf. An ce ya girme ki, amma ni ban yarda ba."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ci gaba."

Wannan "ci gaba" ta fi masa albashin wata. Ya gyara zama, ya sassauta murya.

"Mu fara da gidan shayi. Ga 'yan kwanduna na gora an ɗora wani kan wani. Buɗe ɗaya, tururi ya lulluɓe miki fuska. Ciki 'yan ƙulle-ƙulle ne na fulawa, fatarsu sirara har kina hango jan abin da aka cusa ciki."

"Ɗanwake ne ya yi karatun boko."

"Kuma da tsinke biyu ake ɗauka."

"Allah ya ba mutum yatsu biyar ya ajiye su ya kama tsinke? Shi ya sa hanyar jirgin nan ta ƙi ƙarewa."

"Yanzu toshe hancinki mu wuce da sauri, wannan lungun ba namu ba ne, na masu naman alade ne. Yauwa, buɗe. Kin ga agwagi can rataye cikin gilashi? Gasassu, jajur, suna ƙyalli, mai na ɗiga ɗis-ɗis. Sai dai ba na marasa haƙori ba ne."

"Haƙoran da suka tauna maka gyaɗa kana tsumma? Saura huɗu, kuma sun ishe ni in cire maka kunne."

"Gaba kaɗan ga mai kifi. Kifin na iyo za ki nuna shi da yatsa, kafin ki gama gaisawa an turara shi da citta da ganyen albasa. Tsokarsa fara sol, tana zamewa daga ƙaya da kanta."

Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan zanenta. Tsohuwa ta juyo a hankali, idonta a rufe, kuma Manu ya ga maƙogwaronta ya motsa.

Can ta ce, "Ruwan kogin nan, wane launi ne?"

"Da yamma kamar an narkar da man shanu a kansa."

"Ban taɓa shiga kwalekwale ba," in ji ta, kamar da kanta take magana.

"To ga shi nan, miƙo ƙafa. A hankali, kada nauyin shekarunki ya nutsar da mu. Kin ji yana lilo? Fitilu sun fara kamawa a gaɓa. Can tsakiyar ruwa akwai wata tsohuwa da tukunya cikin jirginta, tun safe take dama abu ɗaya."

Ya jawo kwanon ya buɗe. Ƙanshin citta da romon kaza ya cika ɗakin. Shinkafa ce aka dafa har ta narke ta zama kunu, abin da kukun ya ce shi ake ba wanda ya tashi daga ciwo a garinsu.

Safara'u ta buɗe ido ɗaya. "An ce a nemi ilmi ko da a birnin Sin ne. Kowa ya je ya ɗebo ilmi, nawa mijin ya ɗebo kunu."

"Wa ya ce naki ne? Nawa ne. Ke kallo kika zo, cikinki ba zai ɗauki abincin manya ba."

"Wa ya yanka kazar?"

"Ni da hannuna."

"Allah ya ji ƙanta, ta sha wuya. Kawo nan in ɗanɗana, in san ta inda zan fara zaginsa."

Ya tallafe ta ta zauna. Cokali na farko ta yamutsa fuska ta ce ba yaji. Na biyu ta ce ko majinyacin sauro ba zai ƙoshi da wannan ba. Daga nan zagi ya fara raguwa, sai ƙarar cokali a jikin kwano. Asama'u na tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Manu ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, don idonsa ya ciko kuma ba ya so a samu abin yi masa gori har jikokinsa.

"To amarya, yaya?"

"Ba daɗi ko kaɗan."

"Shi ya sa kike sa yatsa kina suɗe kwanon?"

Ta dubi yatsan, ta dubi kwanon da ya koma kamar an wanke. Sai dariya ta ƙwace mata, 'yar siririya, har da tari.

"Ɗan banza, ka ci ni. Asama'u, buɗe tukunyar nan ta ƙarƙashin gado, ɗebo daddawa curi uku. Ka kai wa mai girkin nan, ka ce in ji matarka, a taimaki ƙasarsu." Ta koma ta kwanta, ta lumshe ido. "Kuma kada ka sauke ni daga jirgin nan tukuna. Gobe ka zo da babban kwano."