Tukunyar da Na Tono a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da wani hutu da na dawo gida Bakura, ina aji uku a jami'a, ina karanta ilimin tono kayan tarihi. Rawar kai kuwa ba a magana. Ko tsingaro na taka a hanya sai na duƙa na juya shi (Allah na tuba, har ɗan burushi nake yawo da shi a aljihu).

Lokacin manya sun fara maganar aurena da Hajara. Na je gaishe da mahaifinta, sai na hango wani tsohon ɗaki da ya rushe a bayan gidan. Na roƙi izinin dubawa. Malam, mahaifin nata, ya ce, "Bismilla, kango ne." Dubawa fa na ce, amma hannu ya ƙi zama. Na ari 'yar fartanya na shiga tono, sai ga wata ƙaramar tukunya an rufe bakinta da kasko.

Wayyo daɗi! Na rungumo ta sai zaure, inda Malam ke zaune da ƙannensa. Na durƙusa ina zuba bayani: a dubi bakinta, a dubi zanen wuyanta, ai wannan ta haura shekara ɗari uku. Suka shiga kallon juna. Ni kuwa na ɗauka ilimina ne ya burge su.

Sai ga Inna, kakar Hajara, ta leƙo. Tana ganin tukunyar ta dafe ƙirji.

"Lahaula! Kai wanga yaro, mi yak kai ka ga mabiyiyar Hajara? Ni na bizne ta da hannuna ran da aka haife ta!"

Jama'a, saurayi ya tono mabiyiyar budurwarsa, wato uwar cibiyarta! Kowa ya san aikin masu asiri ne wannan. Wani ƙanen Malam ya gyara zama ya ce, "Gaya muna gaskiya, boka ya aiko ka?" Kunya ta rufe ni, na yi ta rantsuwa, zufa na zuba, ina kallon aure na sulalewa daga hannuna.

Sai da mahaifina ya tako da kansa ya ba da haƙuri. Ni kuma na mayar da tukunyar raminta, Inna na tsaye a kaina da sanda.

An dai ɗaura auren. Tun daga nan, kafin in sa fartanya a ƙasa sai na tambayi tsofaffin gida. Hajara kuwa, duk ran da na ja da ita, sai ta ce in kama kaina, tunda ni da bakina na shaida ta haura shekara ɗari uku.