Bindigogin Kalla Biyu

"Ina gajiya, amarya? Ya haƙurin rashi?"

"Da godiya. Wa ya buɗe ma wannan ƙofa? Na ce ba ni karɓar mabarata da hantsi."

Azara na zaune a kan tabarma bakin ɗakinta, ta lulluɓe kai da mayafin takaba. Tun ranar da aka kai mijinta Kalla makwancinsa ba ta ƙara taɓa yumɓu ba, ita da rabin randunan unguwarsu a Dakoro hannunta ne ya gina su. Wanda ya durƙusa a gabanta Abdurrazak ne, ɗan ɗiyarta, soja a Yamai. Bai samu zuwa jana'iza ba, sai yanzu aka ba shi hutu.

Ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarmar. Ya ce labari ya iske shi cewa abokin takararsa ya bar masa fili, shi ya sa ya yi sauri ya zo kafin tsofaffin unguwa su riga shi kawo goro.

"Wanda ya tahi, ko a kwance ya hi ka tsaye," in ji ta. "Dube ka, kamar karan da akuya ta tauna. Ba su ba ku abinci can?"

"Kewarki ta ramar da ni."

"Ƙarya ta ramar da kai."

Ta faɗa ne ba tare da ta yi murmushi ba, shi ma bai matsa ba. Ya yi wa mamacin addu'a, ta shafa. Sannan ya gaya mata abin da kawunsa Na'Allah ya ce: tsoho ya bar wasiyya, cikin bindigoginsa biyu na farauta Abdurrazak ya zaɓi ɗaya, ɗayar ta kawun ce. Azara ta san da zancen, a gabanta aka yi shi. Ta nuna masa turakar da haɓa, ta ce ya shiga da kansa.

Da ya fito da su, ƙamshin ɗakin ya biyo shi, na garin taba da tsohuwar fata. Ta kau da kai tana gyara mayafi. Ya shimfiɗa su a gabanta. Ɗaya doguwa ce mai baki guda, ƙotarta ta tsage an ɗaure da jan kilago, ita Kalla ke rataye da ita lokacin da yake zuwa zance gidansu. Ɗayar mai baki biyu ce, ta fi gajarta, ya saye ta a kasuwar Kornaka wata shekara da gyaɗa ta yi albarka.

Abdurrazak ya karya kowace ya leƙa, babu harsashi a ciki. Ya ce shi wadda za ta yi masa aiki biyu yake so, farauta da harbin faifai. Ta tambaye shi wane faifai, na rufe ƙwarya? Ya yi mata bayani: kapitan ɗinsu kan kai su wani fili bayan gari ran Lahadi, akwai inji mai cilla ɗan faifan yumɓu, bai fi murfin tulu ba, ya tashi sama kamar kurciya, mutum ya bi shi da bindiga ya fasa kafin ya faɗo.

Azara ta dube shi da kyau.

"Watau gwamnati na ciyar da ku don ku yi yaƙi da kasko."

"Koyon saiti ne, tsohuwa."

"Kasko ya taɓa kore ma wani shanu? Mi ya yi muku?"

"Ke dai tsoro kike kar in ce ki gina mini su."

"Tun ina budurwa nike gina abin da ba ya hashewa. Yau ga miji ya zo neman abin hasawa. Allah ya isa tsakanina da wanda ya haɗa mu."

Ya ce ai randar da ta ba innarsa ita ma ba ta da maraba da faifan, yoyon da take yi har tumatir ya tsiro a gindinta. Ta ce randar lafiyarta lau, shi ne ya fasa ta da ƙaton kansa yana rarrafe, kuma har yau kan bai daina yoyo ba.

Ya ɗaga doguwar ya kai kafaɗa. Ya ce wannan tana kaiwa nesa, harsashinta a dunƙule yake tafiya, ta yi daidai da zomon da ya laɓe ko tujen da ba ya bari a matso. Amma tana da nauyi, kafin ka juya ta abin da ke tashi ya wuce, kuma in ka kuskure sau ɗaya shi ke nan. Ya ajiye ya ɗauki mai baki biyun. Ita baki ɗaya yana watsa harsashi don na kusa, ɗayan yana matse shi don na nesa, ga ta da sauƙin juyawa. Zabo ko faifai, duk za ta yi.

"Wane zabo?" in ji Azara.

Ta gaya masa abin da bai sani ba. Shekarun nan na baya kakansa kan fita tun asuba ya nufi kwarin Tarka, ya dawo da la'asar ba komai sai ƙarangiya a wando. Gonaki sun cinye dajin, inda da ake jin kukan zabi yanzu gero ne har bakin hanya. Fitarsa ta ƙarshe kurciya ɗaya ya kawo, ya ɓoye ta a aljihu don kar maƙwabta su gani. Daga ranar bai ƙara fita ba.

"Ɗauki doguwar," ta ce. "In ka tsuhwa ka dogara ta. Kahin nan ka dinga korar awaki."

A ranta ba ta san wadda take so ya ɗauka ba. In ya ɗauki gajerar, doguwar ta tafi hannun Na'Allah, shi kuwa ba maharbi ba ne, kasuwa zai kai ta. In ya ɗauki doguwar, ta tafi Yamai. Ko ta ina, ƙusoshin da ake rataye su a bangon turakar za su zauna ba komai.

Ta tambaye shi yaushe zai koma, don ta sa a daka masa fura ta hanya. Ya ce gobe. Ya shafa ƙotar bindigar, sannan ya ce ba Yamai zai koma ba, an ɗaga su zuwa yamma, can wajen iyaka.

Ɗan maƙwabciyarta Zainabu can aka kai shi bara, jakarsa kawai aka kawo wa uwar. Azara ta duba hannuwan jikan nata, ta ga har yanzu akwai tabon ƙunar da ya yi a wajen gashin tukwanenta yana yaro.

"Innarka ta sani?"

"Ke na hwara gaya ma. Ke ce uwargida."

Ya ce can ba a zuwa da bindigar gida, don haka wadda ya zaɓa a nan za ta zauna, a turakar, har ya dawo ya canza takardar izininta zuwa sunansa. Doguwar kuma ya riga ya roƙi kawunsa kada ya taɓa ta sai ta fita takaba. Shi Abdurrazak, mai baki biyun yake so.

Can ta miƙa hannu bayan tabarma ta lalubo wani tsingaro, ragowar wata tukunya da ta fashe. Ta ce ba ta ba da kayan mijinta ga wanda ba ta ga harbinsa ba, ya tashi ya tsaya. Ya tashi, ya sake karya bindigar ya nuna mata haske ta bakunan biyu, ya rufe, ya kai kafaɗa.

Ta cilla. Hannun ba ƙarfi, tsingaron ko tsayin danga bai kai ba. Abdurrazak ya bi shi da bakin bindiga ya ce "tau, tau" da bakinsa. Tsingaron ya faɗo a kan turmi ya tarwatse.

"Kin gani? Na biyun ya same shi."

"Turmi ya same shi. Kawo bindigar in ba turmi, shi ne magajin."

"Ni na raunata shi tun a sama, turmi ƙarasawa kawai ya yi."

Dariyar ta kuɓuce mata ba shiri, gajeriya, ta ƙare da tari. Ta sa gefen mayafi ta goge idanunta, ta daɗe tana gogewa. Shi kuwa ya juya yana tsince gutsattsarin da ke gindin turmi.

Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro, ta ɓare, ta miƙa masa babban ɓarin.

"Ka ci, maharbin kasko, taka ce. Mai da ta inda ka ɗauko. Amma ka sani, ba ni shahwa mata mai, ba ni goge ta. In ka daɗe, tsatsa za ka iske."

"Na ji, amarya," ya ce, ya karɓi goron da hannu biyu.