Sa Hannun Jikata Bai Balaga Ba

Ranar Litinin na rufe shagon gyaran rediyona na raka jikata ofishin rajistar jarrabawa. Ubanta direban babbar mota ne, sati uku ke nan yana kan hanya, kuma ranar Juma'a da azahar za a rufe rajista. Idan ta wuce ta, sai baɗi. Yarinyar da tun tana shekara goma take karanta mini takardar asibiti, ita ta cika fom ɗin tsaf, ta sa hannu.

Ranka ya daɗe Mai Hatimi, wanda kujerarsa ta san shi fiye da iyalinsa, ya duba takardar da gefen ido ya turo mana.

"Shekarunta nawa?"

"Sha shida," in ji ni.

"To sa hannunta bai da amfani. Yarinya ce a doka."

Na ce to ba laifi, kawo tawada in dangwala. Ya ce ai ni ba ubanta ba ne. Na ce ni na haifi uban. Ya ce wannan ba ya cikin fom. Wai sai na hau bene na karɓo takardar shaidar riƙo. Yarinyar da aka yaye a ɗakina, yau sai takarda ta gaya mini ni nake riƙonta.

Kwana uku muna hawa bene muna sauka. Ran Talata mai makullin ofishin ya tafi taro. Ran Laraba taron ya tafi da mai biro.

Da yamma ina ba maƙwabcina tela labari, sai ya ajiye almakashi.

"Dattijo, ka manta bara? Da mutanen Mai Girma Uban Alkawari suka zo makarantar jikarka, ba jera yara aka yi kowa ya sa hannu cewa ya karɓi kujera da tebur ba?"

Na juya wajen jikata. Ta ce, "Ni ma na sa, Kaka. Har sau biyu, saboda wata ba ta zo ba."

"Ina kujerar?"

"A kan bulo nake zama."

Kun ji fa. A sha biyar hannunta ya isa shaida cewa mota guda ta kujeru ta iso. A sha shida bai isa ya ce tana son rubuta jarrabawa ba. Ashe a ofishinsu yaro baya yake girma.

Ran Alhamis na kai wa Mai Hatimi wannan magana cikin ladabi. Bai ko ɗago kai ba.

"Baba, wancan kwangila ce. Wannan doka ce."

Allah ya ƙara basira. Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma na san dokar da ta hana yaro sa hannu don kada a cuce shi aka yi ta. Ban san an yi ta don a zaɓi ranar da za a cuce shi ba.

Safiyar Juma'a takardar riƙo ta fito, shafi huɗu. A ƙasa an rubuta: na karanta, na fahimta. Jikata ta fara karanta mini, Mai Hatimi ya ce babu lokaci, in dangwala kawai. Na sa babban yatsana a aljihu.

"Ɗana, ba na shaidar abin da ban ji ba. Ci gaba, 'yar nan."

Ta karanta shafi huɗun nan duka, har da ƙananan rubutun, layi na tsaki a bayanmu. Ta gano sun rubuta ni mace, aka gyara. Saura minti goma a rufe, hatimi ya sauka. Za ta rubuta jarrabawarta.

Wato wadda ta karanta ta fahimta ba ta isa ba, wanda aka karanta wa shi ne shaida.

Wannan rubutun ma ni na faɗa, ita ta rubuta. Don haka kada ku yarda da ko kalma ɗaya, sai na samo tawada.