Maɓalli Mafi Tsada a Layinmu

"Lafiya lau, Amarya. Ya ƙafa? Ya ido? Ya sauran haƙoran nan uku?"

"Huɗu ne, kuma duk sun fi naka fari. Matsa daga ƙofa, Maigida, kana tare min masu kuɗi."

Ni tela ne, shagona manne yake da na tsohuwar nan da muke kira Mai Zare, katako ɗaya ne tsakaninmu, ko tari ta yi ina ji. Shekara talatin tana sayar da zare, allura, zif da maɓalli, har yanar ido ta fara rufe mata gani. Watan jiya wani ya liƙa mata takardar kuɗi ta jabu, ɗanta ya rantse a gabana cewa in aka sake, zai rufe shagon ta koma gida ta zauna. Wanda ya shigo jikanta ne, ɗan wannan ɗan nata, mai karɓar kuɗi a banki. Ta kira shi a waya wai ya kawo mata maganin ɗigawa a ido, alhali na san kwalbarta a cike take. Na ajiye almakashi na leƙo, don tun safe na ga ba ta da sukuni.

"Ga maganin," in ji jikan. "Lokacin cin abincina na kashe a kanki. Wace mata ce ke hana mijinta cin abinci?"

"Wane miji? Mijin da ya ɗaura igiya a wuya kamar za a kai shi kasuwa? Da kakanka na raye ko takalminsa ba za ka ɗauka ba."

"Ai shi ya gudu ya bar min ke. Allah Ya jiƙansa, ya huta."

"Amin. Zauna, ƙafafunka kamar sandar mofa."

Ya zauna a kan benci. Ta yi ta juya kwalbar a hannu, ta tambaye shi lafiyar uwarsa sau biyu, sannan ta ɗaga gwangwanin maɓallai ta zaro wata takardar kuɗi, irin babbar nan da babu ta sama da ita.

"Wata ƙawata ce aka ba wannan," ta ce. "Ta ce in tambaye ka."

"Wace ƙawa? Ƙawayenki ai duk sun riga mu gidan gaskiya."

"Wata ce sabuwa."

"Ita ma zare take sayarwa?"

"Duba takarda, ba shari'a na kira ka ba."

Ya karɓa ya juya ta. Ya ce, "Me ya ci nan wurin? Ɓera?"

"Allura ce."

"Allura ta tashi da kanta ta hau kuɗi?"

"Zaren nan mai ƙyalli ne na ji yana tsalle-tsalle, ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, kamar ɗinkin ɗan koyo. Na ce bari in ja bakinsa in gani. Sai ya biyo allurar."

"Ke ko ƙawar?"

Wallahi sai da tausayinta ya kama ni.

"Ni ce," ta ce. "Da safe wani ya sayi zif ya ba ni ita, na ba shi canji, ya tafi. Yanzu ɗaya cikin biyu ne, ko an cuce ni, ko na ɓata kuɗi mai kyau da hannuna. Duk wanda ubanka ya ji, kwaɗo zai sa a ƙofar nan."

Jikan ya zaro irinta daga aljihunsa, ya miƙa mata tare da allura. "Ungo tawa. Cire zaren."

"Kar ka yi kuka daga baya."

"Cire."

Ta tsikara, ta tsikara, ta sauya allura ta ɗauko ƙarama. Zare ko motsi.

"Wannan ba ɗinka shi aka yi a sama ba," ya ce. "Tun ana yin takardar aka binne shi a ciki. Abin da kike ji yana shiga yana fita, wuraren da aka bar shi ya leƙo ne. Tela, zo ka zama idonta."

Na zo na ɗaga tasa a bakin ƙofa inda rana take. Zaren ya fito layi ɗaya daga sama har ƙasa, babu yankewa. A farin wurin da ke gefe kuma ga fuska ta bayyana a cikin takardar, wadda ba ka ganinta in takardar na kan tebur. Na ɗaga tata. Guntayen ƙyalli ne aka manna, tsakaninsu babu komai, fuskar kuwa an shafa ta ne da toka-tokan fenti, ko ba haske kana ganinta.

"Karkata lambar da ke ƙasa," in ji shi.

Na karkata. Tasa ta sauya launi, tata ta tsaya yadda take. Na rasa yadda zan faɗa, sai na ce, "Iya, sai haƙuri."

"Ai na sani," ta ce. "Tun da na karɓa hannuna bai yarda da ita ba. Santsi gare ta kamar shafin riga. Amma na ce wa kaina, ke makauniya, me kika sani?"

Jikan ya karɓe takardun biyu daga hannuna. Ina kallonsa ya yi wata dabara, ya tura tata cikin aljihu, ya ajiye mata tasa a kan tebur.

"Tela bai iya kallo ba," ya ce. "Na sake dubawa, taki kalau take. Mayar da ita gwangwani."

Ta ɗauka ta goga babban yatsanta sau ɗaya.

"Ɓarawo."

"Ni?"

"Kai. Ba ni tawa. Wannan tana da kaushi a kan rubutu, ga tudu-tudu a gefe kamar bakin tawul. Tawa sumul take. A banki haka kuke yi wa mutane?"

"A banki ba mu taɓa samun wanda ya yi faɗa don an ba shi mai kyau ba."

"To yau ka samu. Ni ba 'yar bara ba ce."

Ya dube ta, ya dube ni, sannan ya ce ta rufe ido.

"Wane idon? Ai a rufe yake."

"Rufe dai, na san halinki."

Ya karɓi wata daga wurina, ya haɗa su uku ya cakuɗa a bayansa, ya shimfiɗa a tebur. Ta bi su da yatsa, ta ture ta jabun gefe. Ya ce sa'a ce. Ya sake, wannan karon ya rufe inda allura ta ci da yatsansa. Ta sake turewa. A na uku ya yi mata wayo ya sa masu kyau kaɗai, ta taɓa su ta ce, "Ina ka kai 'yar banzar?"

"Kin san kaushin nan da gangan aka yi shi?" ya ce. "Tawada ce ake danna ta da ƙarfi har ta yi tudu, don wanda ba ya gani ya gane da hannu. Masu jabu sukan kwaikwayi launi, wannan ne yake ba su wuya."

"Wato don ni aka yi, ba wanda ya gaya min?"

"Ai kin fi ƙarfin tambaya."

"Shekara huɗu aka yi ana biya maka makaranta don ka koyi abin da yatsana ya sani."

"Mu da na'ura muke yi. Har da fitila mai shuɗin haske."

"Ka ce musu su sallami na'urar su ɗauke ni. Amma ba zan ɗaura igiya ba."

Ya yi dariya, sannan ya mayar da tasa aljihunsa na hagu, ya naɗe ta jabun ya ce zai kai ta inda ake kai irinta, don kar ta faɗa hannun wani. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To me za ka gaya wa ubanka? Ban yarda ka yi masa ƙarya saboda ni ba."

"Zan ce an kawo miki jabu, kuma ke kika gano ta, ba ni ba."

"Zai ce shago ya yi asara."

"To karɓi tawa mana."

"Na ce ni ba 'yar bara ba ce."

Ya kai hannu zai ɗauki wayarsa, ta cafke wuyan hannun rigarsa tana lalube.

"Ina maɓallin nan?"

"Ya faɗi tun shekaranjiya."

"Haka kake zama gaban jama'a? Sai a ce ba ka da mata."

Ta zuba maɓallai a tafin hannu ta zaɓo ɗaya da yatsa, ni na zura mata zare a allura. Tana ɗinkawa yana cewa ta yi a hankali kar ta haɗa da fatarsa, tana cewa ai babu naman da allura za ta kama. Da ta gama ta ciji zaren ta tsinke.

"Nawa ne?" ya ce.

"Yau maɓalli ya yi tsada."

"Kamar nawa?"

"Kamar abin da ke aljihunka na hagu."

"Maɓalli ɗaya? Tela, kana ji ana fashi da rana?"

Na ce ni ban ji komai ba, kekena na da ƙara.

Ya zaro takardar ya ajiye yana girgiza kai. "Na yarda, Amarya, kin ci. Zan gaya wa Baba shago bai yi asara ba, ni na yi."

Ba ta sa ta a gwangwani ba tukuna. Sai da ta goga yatsa a kan rubutun, ta bi gefen, sannan ta miƙo min.

"Tela, ɗaga min ita a rana," ta ce. "Ban san mutumin nan sosai ba."